Ciwon Ɓarin Kai da Ƙiba Ga Waɗanda Suka Manyanta

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, ciwo ne da tushensa ke cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin kai. Yana zuwa ya tafi, ya sake dawowa. A duniya, kusan mutum ɗaya cikin bakwai na fama da shi, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku. Yawanci yana farawa ne a ƙuruciya, ya fi tsanani tsakanin shekara 25 zuwa 50, sannan ya riƙa lafawa yayin da shekaru ke ja.

Sai dai ba kowa ba ne yake lafa wa. A garuruwan noma irin su Tsiga ta Ƙaramar Hukumar Bakori, da sauran yankin Funtuwa da Malumfashi, akan ga dattijo ko dattijuwa da suka haura 50, jiki ya yi nauyi, tumbi ya fito, kuma kai bai daina sarawa ba. Tambayar da iyalai kan yi ita ce: shin ƙibar ce ke kawo ciwon kan? In an rage ta, ciwon zai tafi? Wannan bayani zai amsa waɗannan tambayoyi, ya kuma nuna lokacin da ciwon kai ke buƙatar a garzaya asibiti.

Yadda ake gane ciwon ɓarin kai

Ba kowane ciwon kai ba ne ciwon ɓarin kai. Alamominsa su ne:

- Yakan kama ɓari ɗaya na kai, ko da yake wani lokaci yana kama duka biyun.
- Yana bugawa kamar bugun zuciya.
- Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 idan ba a sha magani ba.
- Motsi, sunkuyo ko hawa tudu na ƙara shi, shi ya sa mai ciwon ke neman wurin kwanciya.
- Yana zuwa da tashin zuciya ko amai.
- Haske da ƙara na damun mai ciwon, har ya gwammace ɗaki mai duhu da shiru.

Wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu ciwon kan ga wasu alamomi kafin kan ya fara: walƙiya ko zane-zane masu ƙyalli a ido, duhu a wani sashe na gani, ko jin tsira-tsira a hannu da leɓe. Waɗannan alamomi sukan taho a hankali, su ɗauki minti 5 zuwa 60, su wuce.

Idan kai na ciwo kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon fiye da wata uku, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki suna da kamannin ciwon ɓarin kai, to likitoci na cewa ciwon ya zama mai naci. Wannan matakin ne ya fi alaƙa da ƙiba.

A jikin wanda ya manyanta ciwon kan sauya kama. Yakan kama kai duka maimakon ɓari ɗaya, amai da ƙin haske su ragu, wani kuma ya riƙa ganin walƙiyar ido ba tare da ciwon kai ya biyo baya ba. Ga mata da yawa, ciwon kan tsananta a shekarun da jinin al'ada ke shirin ɗaukewa, sannan ya yi sauƙi bayan ya ɗauke gaba ɗaya.

Mece ce ƙiba a wurin likita?

A al'adance, jiki mai kauri alama ce ta hutu da wadata, har akan yi wa mutum barka da cewa ya yi kyau ya murje. Likita kuwa awo yake yi. Hanyoyi biyu ne masu sauƙi.

Ta farko ita ce ma'aunin BMI. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. A ɗauka mace tana da tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 82. A raba 82 da 1.6, abin da ya fito a sake raba shi da 1.6, za a samu 32. Ga yadda ake karanta sakamakon:

- Ƙasa da 18.5: rama.
- 18.5 zuwa 24.9: daidai.
- 25 zuwa 29.9: nauyi ya wuce kima.
- 30 zuwa sama: ƙiba.

Ta biyu ita ce awon ƙugu da tef ɗin tela, a daidai tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi. Idan ya kai santimita 88 ga mace, wato kimanin inci 35, ko santimita 102 ga namiji, wato kimanin inci 40, haɗarin ciwon suga da na zuciya ya yi yawa. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce: kada faɗin ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Ga dattawa awon ƙugu ya fi faɗin gaskiya, domin da tsufa tsoka na raguwa, kitse na taruwa a ciki, ko da sikeli bai nuna ƙarin nauyi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙiba. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko suna da ƙiba, yayin da kashi 12 ke da rama. Abubuwan biyu kan haɗu a gida ɗaya: jika a rame, kaka da teɓa.

A yankin noma, ƙiba kan shigo ne lokacin da aiki ya ragu amma ci bai ragu ba. Manomin da ya shekara 30 yana huɗa da noma da fartanya, idan ya miƙa gona ga 'ya'yansa ya koma zaman kasuwar hatsi ko ƙofar gida, kuma ya ci gaba da cin malmalar tuwon masara irin ta da, jiki zai ajiye rarar. Haka uwar gida da surukai da jikoki suka karɓe mata daka, surfe da ɗebo ruwa. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, injin niƙa ya maye gurbin turmi, ga shayi mai suga da lemon kwalba.

Abin da bincike ya nuna

An daɗe ana nazarin alaƙar ƙiba da ciwon ɓarin kai, galibi a Amurka da Turai. Ga muhimman abubuwan da aka gano.

Na ɗaya, alaƙar tana nan amma ba mai girma ba ce. A 2017 mujallar Neurology ta buga nazarin da ya tattara bincike 12 da suka ƙunshi mutum 288,981. An samu cewa masu ƙiba sun fi masu matsakaicin jiki yiwuwar samun ciwon da kashi 27 cikin 100. Masu rama su ma sun fi da kashi 13 cikin 100. Ke nan ramewa fiye da kima ba mafita ba ce.

Na biyu, ƙiba ta fi shafar yawan zuwan ciwon fiye da samuwarsa. Wani bincike na 2006 a Amurka, wanda aka tambayi mutum fiye da 30,000, ya duba masu ciwon da kansu ke ciwo kwana 10 zuwa 15 a wata. A cikin masu matsakaicin jiki kashi 4.4 ne cikin 100, a cikin masu ƙiba kashi 13.6, a cikin masu matsananciyar ƙiba kashi 20.7. Wani binciken na 2003 ya bi diddigin masu ciwon kai na lokaci-lokaci, ya samu cewa masu ƙiba sun ninka sauran kusan sau biyar wajen komawa masu ciwon kai na kusan kullum.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar dattawa: alaƙar tana raguwa da shekaru. Binciken da aka buga a 2010 kan Amurkawa fiye da 21,000 ya nuna cewa tsakanin shekara 20 zuwa 55 masu ƙiba sun fi fama da ciwon, amma bayan 55 ba a ga wannan bambanci ba. Wani babban nazari kan mata fiye da 60,000 masu shekara 45 zuwa sama ya nuna cewa ƙiba ita kaɗai ba ta ƙara yawan masu ciwon ba, sai dai matan da ma'auninsu ya kai 35 sun fi samun ciwon kullum.

Ma'anar wannan ga dattijo mai ƙiba ita ce: da wuya a ce ƙiba ce ta jawo masa ciwon ɓarin kai bayan ya tsufa. Amma idan dama yana da ciwon tun ƙuruciya, ƙiba mai yawa na iya hana shi lafawa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cututtukan da ƙiba ke tahowa da su, domin suna iya kawo nasu ciwon kan, kuma suna sa wasu magungunan ciwon kai su zama haɗari.

Ta yaya kitse ke shafar kai?

Kitse, musamman na ciki, ba ajiya ba ce kawai. Yana fitar da sinadarai cikin jini masu haddasa ƙaramin kumburi da ba a gani a jiki. A lokacin ciwon ɓarin kai kuwa, babbar jijiyar da ke ɗauko jin zafi daga fuska da rufin ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna CGRP, wanda ke buɗe hanyoyin jini ya kuma ƙara jin zafi. An samu cewa wannan sinadari kan yi yawa a jinin masu ƙiba. Bugu da ƙari, sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da yunwa, ƙishi da barci yana da hannu a farkon tasowar ciwon. Shi ya sa wasu kan ji kwaɗayin zaƙi ko yawan hamma awanni kafin kan ya fara.

Alaƙar tana tafiya ta ɓangare biyu. Mai yawan ciwon kai yakan rage motsi domin motsi na ƙara masa zafi, yakan kwana bai yi barci ba, yakan tsallake abinci sannan ya ci da yawa a lokaci ɗaya. Wasu magungunan rigakafin ciwon ma suna ƙara nauyi. Ta haka ciwon ke ƙara ƙiba, ƙiba ke ƙara ciwon.

Cututtukan da ke rakiyar ƙiba

Hawan jini. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, don haka ciwon kai ba ma'auni ba ne. Kada a jira kai ya yi ciwo kafin a sha maganin hawan jini, kuma kada a daina don kai ya daina. Awo ne kaɗai ke nunawa: 140 bisa 90 ko sama, a lokuta daban-daban. Jinin da ya hau ƙwarai, kamar 180 bisa 120, tare da ciwon kai, dishi-dishin gani ko ruɗewa, lamari ne na gaggawa.

Ciwon suga. Saukar suga sosai, musamman ga mai shan magani da bai ci abinci ba, na kawo ciwon kai, gumi da rawar jiki.

Ɗaukewar numfashi cikin barci. Mai ƙiba da kaurin wuya kan yi minshari mai ƙarfi, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, ya farka a firgice. Da safe sai ya tashi da nauyin kai, ya wuni yana gyangyaɗi. Mai kwana kusa da shi ne ya fi sanin wannan, don haka ya kamata a faɗa wa likita.

Shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiyar ido yana ɗan ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan aka haɗa shi da ƙiba, hawan jini, suga da shan taba, haɗarin na taruwa.

Alamomin da ba a jira da su

Ciwon ɓarin kai ba kasafai yake farawa karon farko bayan shekara 50 ba. Duk sabon ciwon kai a wannan shekarun yana buƙatar likita ya duba kafin a sa masa suna. A kai mara lafiya asibiti nan take idan:

- Ciwon ya faɗo farat ɗaya, ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti ɗaya.
- Baki ya karkace, hannu ko ƙafa sun yi sanyi, ko magana ta sarƙe.
- Akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke yaɗuwa.
- Ya suma, ya yi jijjiga, ko ya ruɗe bai san inda yake ba.
- Ido ya yi ja yana ciwo, gani ya dushe, tare da amai. Wannan na iya zama hawan jinin ido mai makantarwa cikin kwanaki.
- Gefen goshi na zafi in an taɓa, muƙamuƙi na gajiya wajen tauna, ko gani ya ɗauke na ɗan lokaci.
- Ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko da makonni sun wuce. Jini kan taru a hankali a kan ƙwaƙwalwar tsofaffi.

A ga likita cikin 'yan kwanaki idan ciwon na ƙaruwa mako bayan mako, ko yana tsananta da tari da yunƙuri, ko ya sauya daga yadda aka saba, ko mutum na ramewa ba da niyya ba.

Walƙiyar ido da tsira-tsira na ciwon ɓarin kai suna tafiya ne a hankali, daga wuri zuwa wuri. Alamun shanyewar ɓarin jiki kuwa lokaci ɗaya suke zuwa. Duk da haka, bambance su ba aikin gida ba ne. Idan karon farko ne ga dattijo, a ɗauke shi a matsayin gaggawa ko da alamar ta wuce.

Hattara da maganin kemis

Yawancin masu ciwon kai a karkara kemis suke fara zuwa. Ga dattijo mai ƙiba akwai abubuwa huɗu da ya kamata iyali su sani. An rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali.

Na farko, yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana kawo ciwon kai. Wanda ke shan paracetamol, aspirin ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma maganin da aka gauraya da sinadarin kafin, ko tramadol, ko codeine kwana 10 ko fiye a wata, na iya wayar gari da ciwon kai na kullum wanda ke dawowa da zarar maganin ya sake shi. Maganin wannan shi ne a daina, bisa jagorancin likita. Kan zai ƙara ciwo na wasu kwanaki kafin ya lafa.

Na biyu, ibuprofen, diclofenac da piroxicam, waɗanda ake yawan sha don ciwon gwiwa da baya, suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini, su raunana ƙoda, su ɗaga hawan jini. Mai ƙiba da ciwon gwiwa da ciwon kai yakan sha biyu ko uku daga cikinsu a rana ɗaya bai san dangi ɗaya ba ne. A guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna.

Na uku, ergotamine da sumatriptan, waɗanda aka yi musamman don ciwon ɓarin kai, suna matse hanyoyin jini. Ba su dace da mai ciwon zuciya ba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba.

Na huɗu, magungunan sa ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Yawancinsu dexamethasone ne ko cyproheptadine. Dexamethasone na kumbura fuska da ciki, yana tayar da suga da hawan jini, yana cinye ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina lokaci ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali.

Idan ciwon na zuwa kwana huɗu ko fiye a wata, likita kan ba da maganin rigakafi na kullum. A nan nauyin jiki na shiga lissafi. Amitriptyline, valproate, pizotifen da flunarizine suna ƙara nauyi, kuma amitriptyline kan sa tsofaffi jiri, bushewar baki da wahalar fitsari. Topiramate yakan rage nauyi, amma yana iya kawo mantuwa da tsakuwar ƙoda. Propranolol da candesartan kan yi aiki biyu, su rage hawan jini su kuma rage ciwon kai, sai dai propranolol bai dace da mai asma ba. Maganin rigakafi yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninsa. Tun 2018 an fara amfani da sababbin allurai masu toshe aikin CGRP a Amurka da Turai, amma suna da tsada ƙwarai.

Shin rage ƙiba na rage ciwon?

Bincike da dama sun nuna cewa masu ciwon da suka rage nauyi sun samu raguwar kwanakin ciwo da tsananinsa. Sai dai yawancin waɗanda aka gwada matasa ne da masu matsakaitan shekaru. A wani gwaji da aka buga a 2018 kan mata 110 masu shekara 18 zuwa 50, an raba su gida biyu: wasu aka koya musu rage nauyi, wasu aka koya musu yadda za su kula da ciwon kawai. Duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan iri ɗaya. Wannan na nuna cewa tsara barci, abinci da shan magani na da tasiri kamar saukar nauyin kansa.

Saboda haka ba a yi wa dattijo alƙawarin cewa rage ƙiba zai raba shi da ciwon kai. Abin da aka tabbatar shi ne rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana sauke hawan jini da suga, yana rage minshari da ciwon gwiwa. Ga mai kilo 82, kilo 4 zuwa 8 ke nan, cikin wata shida ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa.

Matakan da za a ɗauka a gida

Kada a yi horon yunwa. Tsallake abinci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon ɓarin kai, kuma yana cinye tsokar tsoho, ya sa shi yawan faɗuwa. A ci sau uku a kan lokaci, a rage yawa.

A rage tuwo, a ƙara miya da ganye. Maimakon malmala biyu, a ci ɗaya da miyar kuka, kuɓewa, yakuwa ko taushe mai yawa. Kwaɗon zogale da na rama suna cika ciki. Masara, dawa da gero da ba a surfe su sosai ba sun fi riƙe ciki.

A kiyaye abinci mai gina jiki. Wake, waken suya da ake nomawa sosai a wannan yanki, ƙwai, kifi, nono da gyaɗa kaɗan suna kare tsoka. Awara da ƙosai suna da amfani, amma suya na cika su da mai. Alale da dafaffen wake sun fi.

A auna mai da cokali, ko man gyaɗa ne, manja ko man shanu. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

A rage suga a shayi, koko, kunu, fura da zoɓo. Lemon kwalba ya zama na lokaci-lokaci.

A lura da goro, shayi da kofi. Dukkansu na ɗauke da kafin. Wanda ya saba da cin goro da yawa, ranar da bai samu ba kansa zai yi ciwo. A rage a hankali cikin makonni, kuma a guje su bayan la'asar saboda barci.

A sha ruwa isasshe, musamman daga Maris zuwa Mayu, da lokacin aikin gona. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya ya tambayi likita adadin da ya dace da shi.

A motsa jiki minti 150 a mako, kamar tafiya ta minti 30 sau biyar. A fara da minti 10, da sanyin safiya ko yamma. Tafiya masallaci, kasuwa ko gidan 'yan uwa da ƙafa duk suna cikin lissafi. Idan yanayin tsaro bai ba da damar fita bayan gari ba, ko ga matan da ba sa fita, zagayen tsakar gida da shara sun wadatar. Tashi da zama daga kujera sau 10, sau biyu a rana, na ƙarfafa cinya.

A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Damuwa da fargaba suna hana barci kuma suna tayar da ciwon, don haka a faɗa wa likita idan sun yi yawa.

Game da azumi, masu ciwon ɓarin kai kan sha wahala a kwanakin farko saboda yunwa, ƙishi, rashin goro ko shayi da sauyin barci. A rage kafin tun makonni biyu kafin watan ya kama, a jinkirta sahur, a sha ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, kada a cika soye-soye. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ga likita tun a watan Sha'aban don a gyara masa lokutan shan magani.

Aikin iyali

A samu kalanda ko ƙaramin littafi. Duk ranar da kai ya yi ciwo a sa alama, a rubuta maganin da aka sha da abin da ya faru kafin ciwon: rashin barci, rana, yunwa ko ɓacin rai. Idan mara lafiya ba ya rubutu, jika na iya yi masa, da boko ko da ajami. Wata biyu na wannan rubutu sun fi dogon bayani amfani ga likita.

Masu girki su sauya tukunyar gida gaba ɗaya maimakon ware wa tsoho nasa abincin. A daina yi masa gori kan ƙiba, a kuma daina tilasta masa ƙari don nuna kulawa. Lokacin da ciwon ya taso, a ba shi ɗaki mai duhu, ruwa, tsumma mai sanyi a goshi, da maganin da likita ya amince da shi tun ciwon bai yi nisa ba.

Inda za a je

A cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa za a iya auna hawan jini, nauyi da ƙugu, a wasu kuma har da suga. Idan ciwon sabo ne, ko ya yawaita, ko akwai ɗaya daga cikin alamomin haɗari, sai Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi. Daga nan, idan ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa ko ganin ƙwararren likitan jijiyoyi, akan tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ya daɗe da ciwon ɓarin kai kuma bai sauya kama ba, yawanci ba ya buƙatar hoto.

Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin ciwon, da duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na ciwon gwiwa, da kuma wanda ya san yadda mara lafiyar ke barci.